Yadda Ake Ɗora wa Waƙar Bege ta Latin Kari Domin Muryoyin Yara

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in gaya wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta wani abin da na koya a wajen gwajin koyarwa. Ban fi kowa sani ba, amma wanda ya yi tuntuɓe a hanya ya kamata ya nuna wa na baya inda dutsen yake.

A zangon karatu da ya wuce aka tura ni wata makarantar firamare ta mishan a nan cikin garin Bauchi. Hedimasta ya ji labari na yi waƙa a majami'a tun ina yaro, sai ya danƙa mini yara 24, maza da mata, 'yan aji huɗu zuwa shida, ya ce in shirya su su yi waƙa ranar bikin ba da kyauta. Ni kuwa da son a sani, na ɗauko waɗansu kalmomi na Latin daga cikin Waƙar Waƙoƙi, na ƙaga musu kari a dare ɗaya, watau hawa da saukar da murya za ta bi. Mako biyu muna fama. Yara suka haddace sarai, amma waƙar ba ta da rai, sai ka ce masu karanta jadawalin sau biyu. Ran nan wata yarinya 'yar shekara goma ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, me muke cewa?" Na buɗe baki zan amsa, na ga ni ma sama-sama na sani. Kunya ta kama ni.

Tun daga ranar na koma na yi karatu, na tambayi waɗanda suka fi ni. Abin da na samo guda ɗaya ne, shi ne kuma kan wannan darasi: a cikin waƙa kalmomi su ne amarya, kari kuwa ɗan rakiya ne. Kadan ɗan rakiya ya sha gaban amarya, biki ya ɓaci.

Asalin waƙar

Waƙar Waƙoƙi, wadda ake kira kuma Waƙar Sulemanu, littafi ne ƙarami a cikin Tsohon Alkawari, sura 8, aya 117. Da Ibrananci aka rubuta ta. Zance ne tsakanin ango da amarya da 'yan matan Urushalima, cike da ambaton furanni, da kurciyoyi, da gonakin inabi, da neman masoyi cikin dare. Malaman Yahudawa sun fassara ta a kan ƙaunar da ke tsakanin Allah da jama'arsa, har wa yau suna karanta ta a Idin Ƙetarewa. Malaman Kirista kuwa suka ɗauke ta misalin ƙaunar Almasihu da ikkilisiya, ko kuwa ƙishin da ran mutum ke yi zuwa ga Mahaliccinsa. Wani malami a Faransa, Bernard na Clairvaux, ya yi wa'azi 86 a kanta, ya rasu a 1153 bai wuce farkon sura ta uku ba. Ku duba zurfin abin da ni na ɗauka wasa.

Jerom ne ya juya ta zuwa Latin daga Ibrananci, yana zaune a Baitalami, wajen ƙarshen ƙarni na huɗu. Fassararsa ce ikkilisiyar Turai ta yi ta rerawa shekara dubu da ɗoriya. Da Hausa kuwa, sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da waɗansu suka yi. A 1963 babban taron Katolika na Batikan ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan gida, saboda haka yau Hausa da Turanci aka fi ji a majami'un Katolika na ƙasarmu. Duk da haka Latin bai ɓace ba, 'yan kwaya suna rera shi, balle a manyan ranaku.

Watakila wani zai ce, ina yara ina waƙar soyayya? Wannan tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana nan a ƙofar gidanmu. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san bege. 'Yan'uwanmu Musulmi suna rera Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri mutumin Masar, da Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya. A cikin waƙoƙin yabon Annabi mawaƙi yakan yi maganar marmari da hawaye da rashin barci, irin kalmomin da masoyi ke yi, kowa kuwa ya san inda zuciyarsa ta nufa. Yaran Islamiyya suna rera irinsu a lokacin Mauludi, ba mai ganin aibu. To, da wannan ido ne masu waƙar Latin suka dubi Waƙar Waƙoƙi. Shi ya sa na kira ta waƙar bege. Sai dai malami ya yi zaɓe da hankali. Ayoyin da ke siffanta jikin amarya a bar wa manya. Na furanni, da kukan kurciya, da kiran masoyi, da sauyin yanayi, su ne suka dace da bakin yaro.

Waɗanda suka riga mu

Mutum uku zan ambata, kowannensu da abin da ya koya mini.

Na fari shi ne Guido, wani malamin addini a garin Arezzo na Italiya, wanda ya yi zamani wajen shekara ta 1025. Aikinsa koya wa yara waƙar sujada, kamar ni. Ya ga yaro yakan yi shekara goma yana haddar waƙoƙi da ka, sai ya nemi dabara. Ya ɗauki wata waƙar Latin ta yabon Yohanna Mai Baftisma, wadda kowane layinta ke farawa da sauti ɗaya sama da na baya, ya cire gaɓar farko ta kowane layi, ya sami ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya aka sauya ut ta koma do, aka ƙara ta bakwai. A ƙarni na 19 wata mace a Ingila, Sarah Glover, da wani fasto, John Curwen, suka gyara wannan hanya domin makarantu, 'yan mishan suka kawo ta Afirka. Ashe do, re, mi da muke rubutawa a allo, daga waƙar Latin ta fito, domin yara kuma aka ƙago ta.

Na biyu Palestrina, wanda ya fara da waƙa a cikin yaran wata babbar majami'a a Roma, ya rasu a 1594. A 1584 ya buga waƙoƙi 29, dukansu daga Waƙar Waƙoƙi, kowace da muryoyi biyar, ya sadaukar da su ga Fafaroma Gregory na 13. A gabatarwar littafin ya nuna nadamarsa a kan waƙoƙin soyayyar duniya da ya yi a dā. A zamaninsa manyan ikkilisiya suna kukan cewa gwanintar mawaƙa ta yi yawa har ba a jin kalmomi. Abin da ake yaba masa har yau shi ne, ko da muryoyi biyar suna saƙa da juna, gaɓar da ke da nauyi a magana ita ke da nauyi a waƙa.

Na uku shi ne ya fi kusa da aikinmu. Pablo Casals, mutumin Kataloniya a ƙasar Sifen, an haife shi a 1876, ya rasu a 1973. Gwani ne na babban gogen nan na Turawa da ake kira celo. A kan wani dutse kusa da Basalona akwai gidan ibada mai suna Montserrat, inda ake da ƙungiyar yara maza masu waƙa tun ƙarni na 14, tana cikin mafiya daɗewa a Turai. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Casals ke gudun hijira a Faransa, ya shirya wa siraran muryoyi wata waƙa daga Waƙar Waƙoƙi mai suna Nigra sum, watau "Ni baƙa ce". Siffar Maryamu da ke cikin wannan gidan ibada baƙa ce, ana kuma rera waɗannan kalmomi a ranakun tunawa da ita. Waƙar gajeruwa ce, 'yan mintoci kaɗan, karinta kuwa a kwance yake, ba tsalle-tsalle. Ƙungiyoyin yara da na 'yan mata a ƙasashe da yawa suna rera ta har yanzu. Mutumin da sarakuna suka saurari gogensa, da ya zo rubuta wa yara sai ya sassauta hannu.

Matakan aiki

Yanzu ga yadda na sake aikina, mataki-mataki.

Na ɗaya, ka san ma'anar kowace kalma kafin ka taɓa kari. Ka rubuta Latin a allo, ka sa Hausa a ƙarƙashin kowace kalma: amica, ƙawa; columba, kurciya; vinea, gonar inabi; filia, ɗiya. Kada ka wuce sai yaro ya iya ba ka labarin da bakinsa. A nan ne za ka gamu da abin da ba ka zata ba. Akwai wurin da ango ke kiran amarya ta fito domin sanyi ya wuce, ruwa ya ɗauke, furanni sun fito. Yarana suka yi tsuru-tsuru. A Bauchi ɗaukewar ruwa ita ce hanyar rani da ƙura, murnarmu kuwa ranar da hadari ya haɗo a ƙarshen bazara. Sai da na bayyana musu cewa a ƙasar Falasɗinu ruwa da sanyi tare suke zuwa, in sun wuce ƙasa ta yi kore shar. Na ce su tuna da safiyar da ta biyo ruwan fari, da ƙanshin ƙasa, da yadda duwatsun da ke kewaye da gari ke sake launi. Nan take fuskokinsu suka sake, muryoyinsu ma haka.

Na biyu, furuci. A nan 'ya'yanmu sun yi sa'a. Wasulan Latin na majami'a biyar ne, a, e, i, o, u, kusan daidai da na Hausa, ba lauje-lauje irin na Turanci. Harafin c kuma in ya zo gaban e ko i, kamar c ta Hausa ake faɗinsa, saboda haka dulcis, watau mai zaƙi, yaro zai karanta ta daidai tun karon farko. Wahalar tana wajen p da v, gama ba mu da su. Yaro zai ce binea ko finea maimakon vinea. Ka ba su minti biyar kullum suna gwadawa, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa.

Na uku, ka nemo inda nauyin kalma yake. A Latin kowace kalma tana da gaɓa guda da ake dannawa. Kadan gaɓa biyu ce, ta farko ake dannawa, kamar a amor, ƙauna. Kadan ta fi biyu, sai a duba ta kusa da ƙarshe: in mai nauyi ce ita ake dannawa, kamar mi a cikin amica da lum a cikin columba, in mai sauƙi ce sai a koma baya da ɗaya, kamar fi a cikin filia da vi a cikin vinea. Ka ja layi a ƙarƙashin waɗannan gaɓoɓi, ka sa yara su karanta da ƙarfi suna tafi a kansu. Ka saurara da kyau, gama kari yana ɓoye a cikin karatun nan. Gaɓar da aka danna ita za ka ba sauti mai tsawo, ko mai bisa, ko bugu mai ƙarfi. Kuskurena na fari ke nan: na ƙaga kari tukuna, sa'an nan na tura kalmomi ciki kamar mai cusa kaya a buhu.

Na huɗu, ka san iyakar muryar yaro. In kana da ogan ko piyano, ka tsaya tsakanin C ta tsakiya da D ko E da ke bisa da ita da hawa tara ko goma. Kadan ka sauka ƙasa da haka, yara za su yi gurnani a maƙogwaro. Kadan ka hau sama ka daɗe, za su yi ihu, muryar ta dushe. Kada kai namiji ka ba su sauti da muryarka ta ƙirji su bi, gama tasu tana bisa da taka da hawa takwas. Ka sa yaro guda mai kunne ya ɗauka, saura su bi shi. Numfashinsu kuma gajere ne. Layin da ya fi ƙarfin numfashi ɗaya ka raba shi, amma a inda ma'ana ta tsaya, kada ka yanka kalma biyu. Kari ya riƙa tafiya daga mataki zuwa na kusa da shi, do, re, mi, tsalle kuwa ka ajiye shi domin kalma mai girma. A inda ango ke cewa amarya ta tashi, a nan ne kaɗai na bar murya ta yi tsalle daga do zuwa so, yara kuwa suka ji dalili ba sai an gaya musu ba.

Na biyar, raba muryoyi. Kada ka yi gaggawa. Su fara da murya ɗaya duka har ta zauna. Sa'an nan ka yi amfani da abin da suka sani tun a dandali, watau bayarwa da amshi. Littafin kansa haka aka gina shi: amarya ta yi magana, ango ya amsa, 'yan mata su karɓa. Dubi yadda iyayenmu na Zumuntar Mata ke yi a majami'a, ɗaya ta bayar saura su amsa, da tulu da kacau-kacau, ba takarda ba allo. Na raba yarana kashi biyu a kan wannan tsari, sai a layin ƙarshe kaɗai suka haɗu, waɗansu a mi, waɗansu a do. Wannan ɗan haɗi guda ya fi daɗin ji bisa ga muryoyi uku da ba su zauna ba.

Kalma guda mai nauyi

Akwai wani abu a cikin sura ta fari da bai kamata malami baƙar fata ya wuce shi da ido rufe ba. Amarya ta ambaci baƙin launinta da kyaunta a numfashi ɗaya, ta ce rana ce ta ƙone ta domin an sa ta tsaron gonaki. Ƙaramar kalmar da ta haɗa baƙi da kyau, a Ibrananci tana iya zama "kuma", tana iya zama "amma". Waɗanda suka juya littafin zuwa Girkanci suka sa "kuma". Jerom ya sa sed, watau "amma". To, ku duba. Yarinya 'yar Bauchi tana tsaye gaban iyayenta tana rera wannan, me za ta ɗauka a ranta game da fatarta? Ba ni da ikon sake Latin ɗin Jerom, amma ina da iko a kan kari. Na ba sed ɗan gajeren sauti a ƙasa, ta wuce da sauri, na ɗora baƙi da kyau a kan sauti ɗaya, mai tsawo, mai bisa. Na kuma gaya wa yara labarin kalmar duka. Mai ɗora kari mai fassara ne, ko ya sani ko bai sani ba.

In za a juya ta Hausa

Hedimasta ya ce a rera da Hausa kuma domin iyaye su ji. Na ɗauki karin Latin na ɗora wa Hausa yadda yake, sai ga yara suna ƙunshe dariya. Dalili kuwa, Hausa tana da dokoki biyu nata.

Ta fari ita ce tsawon gaɓa. Gari na zama da gari na tuwo, ba abin da ya raba su sai jan wasalin farko. In kari ya ja gaɓar da ba a ja, ka mai da birni abin tuƙa tuwo. Mawaƙan Hausa ba su wasa da wannan, na baka da na rubutu. Ku ɗauki waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, ɗan wannan gari namu, wanda ya rasu a 1958, ku auna gaɓoɓinsu, za ku tarar mai nauyi da mai sauƙi kowace tana wurinta. Haka za ka auna naka: ma-so-yi, sauƙi, nauyi, nauyi, zu-ci-ya da kur-ci-ya, nauyi, sauƙi, nauyi. Mai nauyi ta sami bugu biyu, mai sauƙi bugu ɗaya.

Ta biyu ita ce hawa da saukar murya a magana. Kuka na hawaye murya a bisa take duka, kuka ta miya kuwa gaɓar ƙarshe sauka take yi. Wuya na jiki daga bisa yake sauka, wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. Nan ne na faɗi. Karina ya hau a inda ya kamata ya sauka, sai yabon wuyan amarya da sarƙarsa ya koma maganar wahalarta. Gaskiya mawaƙa sukan sassauta wannan doka fiye da ta fari, in sauran zance ya nuna ma'ana. Amma a kan kalmar da ke da tagwai, da kuma ƙarshen layi, lalle kari ya bi magana. Wannan ne ya sa waɗansu waƙoƙin sujada da aka ɗora wa karin Turawa suke yi wa kunne wani iri, ko da mun saba da su. Maganin abin shi ne, Hausa a yi mata nata kari dabam. Haka na yi, ya ɗauke ni mako guda.

Ranar biki yara suka rera duka biyu. Ban ce ba a yi kuskure ba, gama kashi na biyu sun shigo da wuri a layi na uku. Amma da aka tashi, na ji yarinyar nan tana bayyana wa kakarta abin da Latin ɗin ke cewa, kalma-kalma, har da zancen "amma" da "kuma".

Gargaɗi guda ya rage. Yawancinmu makarantun gwamnati za a tura mu, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista ke zaune a benci ɗaya. Waƙar addini ba a ɗora wa yaron da ba nasa ba ne, sai ka nemi shawarar hedimasta da yardar iyaye. Amma matakan nan biyar ba su da addini. Ko waƙar bege ce ta Larabci, ko ta tsabta, ko ta lissafi, ko ta maraba da baƙo, hanyar ɗaya ce: ma'ana tukuna, sa'an nan furuci, da nauyin gaɓa, da iyakar murya, da amshi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Aikinmu shi ne mu sa yaro ya zama mai ita.

Wanda ke son ganin karin da na rubuta da do, re, mi, ya same ni bayan cin abincin yamma, in ba shi ya kwafa. Wanda kuma ya ga kuskure a cikin abin da na faɗa, ina roƙo ya gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar aikin da muka sa gaba, amin.